Moon Music na Coldplay: na saurara, kuma raina bai so ba

Jama'a ni dai ban ji daɗin albam ɗin nan ba, gara in faɗa tun daga sama kada wani ya karanta har ƙasa yana jiran yabo. Moon Music ya fito ranar 4 ga Oktoba 2024, shi ne albam na 10 na Coldplay, waƙoƙi 10 ne a ciki, kuma ya hau lamba ɗaya a Ingila da Amurka, wato ta fuskar kasuwa babu wanda zai ce musu komai. Na ji shi da iyafis, na sa shi a sifika, na ajiye shi ya kwana biyu na sake dawowa ko zai shiga raina a hankali kamar yadda wasu waƙoƙin kan yi, amma shiru kake ji. Kuma wallahi abin ya yi min ciwo, don mutanen nan ba baƙi ba ne a wurina, da waƙoƙinsu na fara sanin meye kiɗan rok tun ana tura waƙa ta bulutut daga waya zuwa waya.

Ga wanda bai san su ba, samari huɗu ne da suka haɗu a jami'a a Landan wajen 1996 zuwa 1997, Chris Martin mai waƙa da fiyano, Jonny Buckland mai jita, Guy Berryman mai bes, sai Will Champion mai ganga. Har yau su huɗun nan ne dai, abin da ba kasafai ake samu ba a irin wannan harka. Albam ɗinsu na farko Parachutes ya fito a 2000, na biyu A Rush of Blood to the Head a 2002, kuma waɗannan biyun su nake auna komai da su. Ka je ka kunna Politik, waƙar da ta buɗe na biyun, daƙiƙar farko ma ba sallama, fiyano da jita da ganga duk sun faɗo maka a kai lokaci guda suna duka iri ɗaya kamar za su fasa sifikar, can sai komai ya yanke ɗif ya rage muryar Chris da fiyano kawai, sai kuma su sake afkowa. Kana ji ka san mutum huɗu ne a ɗaki ɗaya suna kallon idon juna. Ko Shiver, inda jitar Jonny ke ta zagaya muryar tana hawa tana sauka kamar ita ma magana take, in ka cire jitar nan waƙar ta mutu. Clocks kuwa ai ba sai an faɗa ba, ita ta ci Grammy ta faifan shekara a 2004, kuma duk ƙarfinta ɗan zagayen fiyano ne da gangar Will da ke tura shi gaba.

To yanzu ka ɗauko Moon Music ka nemo min Jonny. Ka nemo min Will. Sunayensu na nan a rubuce, hotonsu na nan, amma kunne ba ya samun su sai jefi-jefi. An lulluɓe komai da sautin kwamfuta mai santsi, gangar ta koma bugun na'ura da ba ya gaba ba ya baya, jitar kuma an tura ta can ƙarshen ɗaki ta zama ado. Waƙar da suka fara saki, feelslikeimfallinginlove, ba wai ta yi muni ba ne, tana da daɗin ji a mota, amma kowane mawaƙin fof zai iya rera ta babu abin da zai canza, kuma da aka zo inda ya kamata a faɗi wata magana mai nauyi sai aka cike gurbin da lalala. Wannan lalala da o-o-o ɗin sun yi yawa a albam ɗin ƙwarai, kuma na san dalili, an yi su ne don mutum dubu tamanin a filin wasa su iya amsawa ko da ba sa jin Turanci. A filin wasa zai yi armashi, ban musa ba. Amma ni da nake zaune a ɗaki da iyafis fa, me aka tanadar min?

Mutane da yawa in ana wannan hira sai su ce ai tun da suka yi kuɗi suka lalace, ni ban yarda da wannan ba. Sun yi kuɗi tun X&Y a 2005, kuma Viva la Vida na 2008 da suka yi da furodusa Brian Eno ya sayu kamar me, har tallan iTunes suka fito a ciki, amma albam ne na mutanen da ke neman sabon abu da gaske, akwai kasada a ciki, akwai waƙoƙin da ke sauya hanya a tsakiya ba ka zata ba. Kuɗi bai hana su wannan ba. Inda na fara jin ƙasa na zamewa shi ne Mylo Xyloto a 2011, lokacin da aka kawo Rihanna aka kuma fara raba wa 'yan kallo abin hannu mai walƙiya. Daga nan fa sai abin ya zama layi, Avicii a 2014, furodusoshin Stargate da Beyoncé a 2015, wasan hutun rabin lokaci na Super Bowl (wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka) a 2016, The Chainsmokers a 2017, sai kuma 2021 da suka miƙa ragamar gaba ɗaya ga Max Martin, ɗan Suwidin ɗin nan da ya yi wa Britney Spears da Backstreet Boys da Katy Perry da Taylor Swift waƙoƙin da suka cika duniya. Mutumin gwani ne, babu mai ja, amma aikinsa shi ne ya goge duk wani kaushi har waƙa ta shige kowane kunne ba tare da ta taɓa ko'ina ba, kuma kaushin nan shi ne rok ɗin. Shi ya yi musu Music of the Spheres, inda My Universe da suka yi da BTS na Koriya ta Kudu ta hau lamba ɗaya a Amurka, shi ne kuma ya dawo a Moon Music.

Akwai wani abu da ke tsaya min a rai. A farkon tashinsu an san su da ƙin ba kamfanoni waƙoƙinsu a yi talla, manyan kamfanonin lemo da na tufafi sun zo da miliyoyi sun ce a'a, hujjarsu ita ce ba za su sayar da ma'anar waƙar ba. A 2021 sai ga Higher Power a tallan motocin lantarki na BMW. Mutum na da damar canza ra'ayi bayan shekara ashirin, kuma za su ce ai motar ba ta hayaƙi, to na ji. Abin da ya fi damuna shi ne waƙar ta dace da tallan ɗas, kamar don shi aka yi ta, babu wata ma'ana a ciki da za a ce an sayar balle a yi baƙin ciki.

Yanzu bari in zo kan baƙin da suka gayyato, don nan ne abin ya shafe mu. A We Pray akwai Burna Boy, akwai Little Simz 'yar Landan da iyayenta 'yan Najeriya ne, akwai Elyanna mai jinin Falasɗinu da Chile, akwai Tini daga Ajantina. A Good Feelings kuma akwai Ayra Starr. Da na ga sunayen na yi murna sosai, wa zai ƙi ganin namu a irin wannan wuri. Amma da na saurara sai jikina ya yi sanyi. Little Simz ce kaɗai ta samu fili ta yi abin kirki. Burna an ba shi ɗan lungu ya yi 'yan layuka ya wuce, babu kiɗansa, babu wannan jan muryar tasa mai nauyi da ke sa waƙa ta zauna, kana iya cire shi ka sa wani babu wanda zai lura. Ayra ta yi ƙoƙari, muryarta ta fi ta kowa rai a waƙar, amma kiɗan disko ne da aka riga aka gama ɗinka shi kafin ta shigo. In ka kalli jerin sunayen da kyau sai ka ga kamar taswirar kasuwa ce aka shimfiɗa a tebur, wannan zai kawo mana Afirka, wannan Larabawa, wannan Latin Amurka, wancan karon an riga an samo Asiya.

Abin da ya sa nake da bakin faɗin haka shi ne na ji yadda suke yi in da gaske suke. A Nuwamba 2019 sun fitar da Everyday Life, suka ƙaddamar da shi a tsohuwar ganuwar Amman ta ƙasar Jodan, rabi da fitowar rana rabi da faɗuwarta, aka nuna kai tsaye a YouTube, kuma ba su yi yawon wasa da shi ba. A ciki akwai Arabesque, da Femi Kuti da 'yan busarsa, da Stromae na Beljiyam yana waƙa da Faransanci. Malam ka je ka ji wannan waƙa. Ta haura minti biyar, bes ɗin Guy na tafe da nauyi kamar ana taka ƙasa, gangar Will a buɗe take kana jin fatar, sai ƙahonin nan su taso gaba ɗaya, sannan a sakar wa Femi fili ya yi ta busa saksofon har sai ya gaji don kansa, babu wanda ya katse shi don a koma amshi. A nan baƙon ne ya ja su zuwa gidansa, suka bi shi, waƙar ta zama abin da ba za su taɓa iya yi su kaɗai ba. Shekara biyar kacal tsakanin wannan da We Pray. Don haka kada wani ya ce min tsufa ne ko basira ce ta ƙare, basirar na nan, ajiye ta aka yi don albam ɗin bai yi kasuwa kamar sauran ba, sai aka koma inda kuɗin yake.

Kuma in za a yi adalci, yanayin kasuwar ma na da laifi. Yanzu faifai ba ya kawo kuɗi kamar da, a Spotify sai an ji waƙa daƙiƙa 30 kafin a lissafa ta, don haka kowa na tsoron doguwar shimfiɗa kada a tsallake shi. Kuɗin na wajen tikiti. Yawon wasan da suka fara a Kosta Rika a Maris 2022 ya tara sama da dala biliyan ɗaya, kuma a 2024 sun jagoranci bikin kiɗa na Glastonbury a Ingila karo na biyar, abin da babu wanda ya taɓa yi. In kana da irin wannan injin, da ɗaruruwan ma'aikata da ke ci a ƙarƙashinsa, albam sai ya koma ɗan aiken yawon wasa, aikinsa kawai ya samar da sabbin amshi biyu uku da za a harba wuta da takardu masu launi a kansu. Abin ya zama kamar mai shayin da layi ya yi masa tsawo, maimakon ya ƙara ganye sai ya yi ta ƙara ruwa da sukari, kowa ya samu kofi, amma wanda ya san shayin tun yana tebur ɗaya shi ya san abin da ya ɓace.

Ba duka ne ya lalace ba. Waƙar farko mai sunan albam ɗin, wadda suka yi da makaɗi Jon Hopkins, ta fara da doguwar shimfiɗar kiɗa mai sanyi kafin murya ta shigo, kuma Chris ya yi maganar rauninsa a fili ba tare da ado ba, na so ta sosai, har na ɗauka albam ɗin haka zai tafi. iAAM ma akwai ɗan jini a jikinta, nan ne kaɗai na ji kamar Will ya samu izinin dukan ganga da ƙarfinsa. All My Love fiyano ce da murya irin ta da, sai dai kalmomin sun yi sauƙi da yawa, irin abin da za ka gani a katin biki, alhali mutumin nan shi ya rubuta The Scientist. Sautin albam ɗin kuma tsaf yake, ko a ƙaramar sifika ba ya dagulewa, kuma na yaba da yadda suka buga faifan roba daga tsofaffin gorunan ruwa da aka sake narkawa, a wannan fannin na kula da muhalli sun fi takwarorinsu nesa. Amma sanya wa waƙa alamar bakan gizo a matsayin suna, da rubuta wasu sunayen a cure babu tazara, wannan duk neman hankalin yara ne a intanet, kuma bai dace da mutanen da ke dab da shekara hamsin ba.

In maki zan bayar, 4 cikin 10, kuma biyu daga ciki na waƙar farko ne. Wanda ke son abin da zai kunna yana tuƙi ko yana aiki ba tare da ya tsaya saurara ba, zai yi masa. Wanda kuma yake son ya san dalilin da ya sa wasunmu ke ɗaga murya in an ambaci Coldplay, kada ya ɓata datarsa a nan, ya fara da A Rush of Blood to the Head daga farko har ƙarshe ba tsallake, sannan Parachutes, sannan Viva la Vida, ya rufe da Everyday Life. Chris Martin ya ce albam 12 za su yi su tsaya, saura biyu ke nan. Ni roƙona ɗaya ne, ko guda ɗaya daga ciki su sallami furodusoshin nan da tarin marubuta, su shiga sitidiyo su huɗu, a ɗaga sautin jitar Jonny yadda za a ji ta, in kuma za a kira baƙo a kira shi irin kiran da aka yi wa Femi.