Keken ɗinkin da ya dace da haɗa ƙyallaye a Legas: abin dubawa kafin a biya kuɗi

Duk shagon telan da kika shiga a Agege ko Idi-Araba, musamman in Sallah ta ƙarato, za ki tarar da buhu a lungu cike da guntayen atamfa da shadda. Yawancinsu bola ake kai wa. Da irin waɗannan ƙyallayen ne mata ke haɗa mayafin jarirai da zanin gado, su kai gidan marayu, ko su ba maƙwabciyar da ta haihu babu hali. Aikin lada ne, kuma yadinsa kusan kyauta ake samu. Inda kuɗi ke shiga shi ne wajen keke, nan ne kuma ake yawan yin asara, domin ba kowane keken da ke ɗinka riga lafiya ba ne zai iya wannan aiki.

Ki fara sanin nauyin da za ki ɗora wa keken, 'yar'uwa. Mayafin jariri mai faɗin inci 36 da tsawon inci 45 yana cin ƙyalle 80, kowanne an yanka shi inci 5 ta kowace fuska, a jera takwas a kwance, goma a tsaye. Ana barin kwatan inci a kowane gefe don ɗinki, shi ya sa kowane ƙyalle ke komawa inci huɗu da rabi bayan an haɗa. Sai a shimfiɗa yadi ɗaya da rabi a baya, a sa wani abu mai laushi a tsakiya, a bi duka ukun da ɗinki. A zafin Legas ba a son cikin ya yi kauri, tsohon zanin gado na auduga ko siririn bargo da aka wanke ya wadatar. To a duk inda kusurwar ƙyalle huɗu suka haɗu, allura za ta huda ninki shida zuwa takwas a lokaci guda, kuma irin wannan mahaɗa ta haura sittin a mayafi ɗaya. Keken da za ki saya dole ya ratsa wannan kauri ba tare da ya tsallake ɗinki ko ya karya allura ba. Kwalliyar zigzag da ɗinki iri talatin da ake tallata wasu kekuna da su ba su da aiki a nan. Ɗinki miƙaƙƙe kawai ake buƙata.

Saboda haka ni baƙin keke na ƙafa nake ba da shawara a saya, wanda teloli ke kira baƙin kai. Mafi yawan waɗanda ke kasuwa yanzu, irin Butterfly da ake ƙerawa a Shanghai ta ƙasar Sin, an kwaikwayo su ne daga samfurin Singer mai lamba 15, wanda ya fito tun ƙarshen ƙarni na 19. Wannan tsufan shi ne alherinsa. Kayan gyaransa iri ɗaya ne kusan ko'ina, ƙoshiya da kwarkwaronta masu riƙe zaren ƙasa, da allura, duk za ki samu a Oshodi ko Mushin ko kasuwar unguwarku, kuma babu mai gyaran keken da bai san cikinsa ba. Jikinsa zubin ƙarfe ne, nauyinsa ke hana shi rawa in mayafi ya yi girma yana ja ta gefe. Tsakanin allura da wuyan keken akwai fili kusan inci bakwai, ya isa ki naɗe rabin zanin gado ki cusa. Ba ruwansa da wutar Nepa, ba ruwansa da fetur ɗin janareta, ko da dare ya yi fitila mai caji ta ishe ki.

Abin da ya fi burge ni da shi shi ne yadda yake bin umarnin ƙafa. In kin iso mahaɗa mai kauri, sai ki sassauta feda, ki kama wilin da hannun dama ki juyo shi ta wajenki, allura ta shiga ɗaya bayan ɗaya har ki wuce tudun. Hannunki zai ji in allura ta ci karo da abin da ya fi ƙarfinta tun kafin ta karye. A saman kan keken, daidai bisa ƙafar da ke danne yadi, akwai wani noti da ake murzawa. Ki sassauta shi kaɗan lokacin da za ki bi ninki ukun nan da ɗinki, don in dannin ya yi yawa, haƙoran ƙasa za su ja yadin baya da sauri, na sama ya tsaya, ki iso ƙarshen layi ki ga ya tattare. Ki tsawaita ɗinkin zuwa milimita uku, ki fara daga tsakiyar mayafin zuwa gefe, kuma kafin nan ki kafe ninkin da ɗinkin hannu manya-manya ko fil mai makulli, tazarar inci huɗu-huɗu. Wajen haɗa ƙyallayen kuwa milimita biyu zuwa biyu da rabi ya fi riƙewa. In daga baya kin so sauri, ana ɗaura masa ƙaramar mota ta lantarki a jikin wuyansa, ƙasan wili, sai ki zama kina da biyu: in an kawo wuta mota, in an ɗauke feda. Ki tabbata dai akwai ramin notin ɗaura motar, kuma ki zaɓi wanda ke da sandar komawa baya, don ba duka ke da ita ba.

Fararen kekunan lantarki na gida, irin su Brother da Janome, suna da kyau ga mai ɗinkin kayan yara da wuyan riga, amma ƙananansu ba su da nauyi kuma wutar unguwa ce ke yanke miki lokacin aiki. Babban keken masana'anta irin Juki DDL-8700 yana iya yin ɗinki 5,500 a minti ɗaya, wannan gudun na mai shago ne, ga tsada, ga cin wuri a ɗaki ɗaya na haya. Ɗan ƙaramin nan na roba mai batir da ake tallatawa a Facebook kuwa, kada ki ɓata kuɗinki.

Akwai magana ɗaya kan fararen kekunan da aka riga aka yi amfani da su a ƙasashen waje, waɗanda ake kira tokunbo. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Keken da ya fito daga can in kika jona shi kai tsaye, motarsa za ta ƙone nan take. Ki karanta ƙaramin allon da ke jikin motar da idonki, kada ki tsaya ga abin da mai kaya ya faɗa. In 100 ko 110 ko 120 aka rubuta, sai da na'urar rage wuta zai yi aiki, ki sa kuɗinta cikin lissafi.

Yanzu ga inda ya kamata ki buɗe ido sosai. Farin jinin baƙin keke shi ya jawo masa 'yan damfara. Iskar Legas ɗanya ce, ga gishirin teku a unguwanni irin Obalende da Apapa da Ajah, keken da aka ajiye damina ɗaya ba mai, cikinsa tsatsa yake yi. Irin waɗannan ne wasu ke tattarawa, su kankare bayansu, su fesa baƙin fenti, su manna tambari mai ruwan zinariya, su sa a kwali su ce sabo ne dal. Daga nesa ba za ki bambance ba. Don haka kada ki yarda a nuna miki keke a tsaye kawai. Ki ce a kwantar da kan ta baya, ki haska cikinsa da fitilar waya. Sabon keke sandunansa na ƙasa fes suke, da ɗan siririn mai. Tsohon da aka yi wa kwaskwarima za ki ga jan tsatsa a lungunan da buroshi bai kai ba, ko kuma an lafta masa girisi mai kauri. Girisin nan ba don lafiyar keken aka sa shi ba, don ya danne ƙarar ƙarafan da suka cinye ne, bayan mako biyu zai zube, ƙwanƙwasa ta fito.

Ki duba kan notuna. A masana'anta ana fentin jiki ne kafin a ɗaura noti, saboda haka in kin ga fenti ya hau kan noti ko ya toshe ƙananan ramukan zuba mai, a bayan shago aka fesa shi. Ki sa farce a gefen tambarin: na asali a kwance yake cikin jikin fentin, na jabu sitika ce, bakinta zai ɗago. Ki shinshina ma, sabon fenti ba ya ɓuya. Sannan ki kama sandar allura ki girgiza ta hagu da dama. In tana motsi, ramin da take bi ya buɗe, kuma keke mai wannan ciwon shi ne ke tsallake ɗinki daidai kan mahaɗa mai kauri, wato daidai inda kike buƙatarsa. Ki shafa haƙoran da ke jan yadi da yatsa, su zama da kaifi, ba sumul ba. Ki ciro ƙugiyar da ke zagaye ƙoshiya ki dubi tsininta, in ya dakushe ko akwai alamar an goga shi da zarto, zare zai riƙa tsinkewa. Ki tafi da ɗan maganaɗisu a jaka, zai manne wa zubin ƙarfe, in ya zame ya faɗi to jikin ba ƙarfen da ake nufi ba ne.

Wani zai ce miki nasa Singer ne ɗan Ingila, sabo fil a leda. Babbar masana'antar Singer ta Birtaniya, wadda ke Clydebank a Sikotland, an rufe ta tun 1980. Duk baƙin keken da ya fito daga can ya haura shekara arba'in. Tsohon Singer na gaskiya da aka kula da shi abin so ne, in kin samu ki saya, za ki ga lambarsa an buga ta a ƙarfe a gaban gindinsa ta dama, fentinsa kuma ya ɗan koɗe a inda yadi ke bi. Amma ki saye shi a matsayin tsoho, da farashin tsoho.

Teburin ma ana cuta a kansa. Na garin katako da aka manne, in ruwan sama ya shigo ɗaki sau ɗaya ko laima ta kama shi, kumbura yake yi, notunan da ke riƙe kan keke su saki. Ki leƙa ƙarƙashinsa inda ba a rufe ba, ki nemi falanki ko katako mai ninki-ninki. Ƙafafun ƙarfen kuma ki bi su da yatsa, inda kika ji tudu ƙarƙashin fenti, karaya ce aka yi wa walda.

Babu gwajin da ya kai ki ɗinka da hannunki. Ki tafi kasuwa da ƙyallenki da zarenki. Ki ninka atamfa takwas, ki ɗinka daga ninki biyu ki hau kan takwas ɗin ki sauko, sau uku. Ki juya bayan yadin: ɗinkin sama da na ƙasa su yi kama ɗaya, babu zaren da ya yi lanƙwasa, babu gurbin da aka tsallake. Masu kaya suna da nasu ƙyallen na gwaji, siriri ne mai sitaci, kowane keke zai yi kyau a kansa. Wanda ya hana ki gwaji da naki, ki yi masa sallama ki wuce gaba, shaguna suna da yawa a Idumota. In kuma keken ya ci gwajin, kada ki ɗauke ido daga kansa. Sananniyar dabara ce a gwada miki mai kyau, sannan a ce bari yaro ya ɗauko miki na cikin kwali daga sito. Wanda kika gwada shi za a ɗaure a gabanki, a rubuta lambarsa a rasit tare da sunan shagon. Ɗan kamashon da ya tare ki a bakin hanya yana cewa zai kai ki inda ya fi araha, ladansa a cikin kuɗinki yake. A intanet kuwa, kada ki tura ko sisi kafin ki ga keke ki taka shi. Farashi yana bin dala, ki tambayi shago uku kafin ki tsayar da ciniki, wanda ya faɗo ƙasa da sauran da nisa akwai dalili. Araha ba ta ado.

Allura da mai su ma akwai jabunsu, kuma sau da yawa keke ake zargi alhali laifinsu ne. Baƙin keke yana cin allura mai gindi shafaffe ta gefe ɗaya, wadda ake rubuta wa HAx1 a fakiti. Mai zagayayyen gindi, DBx1, ta keken masana'anta ce, ba za ta zauna daidai ba. Lamba 14 ta isa haɗa ƙyallen atamfa, lamba 16 don bin ninki uku. Ki kwantar da allura a kan madubi ta shafaffen gefen, in tsinin ya karkata ki jefar. A irin su Butterfly shafaffen gefen dama yake kallo, zare kuma daga hagu yake shiga zuwa dama, in aka juya ta ko ɗinki ɗaya ba zai kama ba. Man keke fari ne garau kamar ruwa. Man gyaɗa da baƙin man mota daskarewa suke yi su riƙe ƙarafa. Ɗigo ɗaya a kowane rami da kan ƙugiya, bayan kowane mayafi, sannan ki share audugar da ke taruwa ƙarƙashin haƙora, don atamfa tana zubar da ita da yawa kuma ita ke riƙe laima ta kawo tsatsa. Daga watan Afrilu zuwa Yuli, lokacin da ruwa ya fi yawa, ki riƙa rufe kan keken da yadin auduga maimakon leda, ki kuma janye shi daga bakin taga.

Ƙyallayen kansu ki wanke su kafin almakashi ya taɓa su, masu duhu daban, masu haske daban, don wata atamfar tana zuba, wata tana tsukewa a wankin farko. Ki goge su, ki ware leshi da duk yadi mai talewa, auduga da auduga kawai za ki haɗa. Mayafin da za a kai gidan marayu wanki zai sha kusan kullum, don haka ki ninka bakinsa biyu, ki bi shi da ɗinki layi biyu, ki koma baya a kowace kusurwa.