Na'urar auna oksijin a yatsa: ra'ayina bayan na daɗe ina amfani da ita

Jama'a barkanmu da warhaka. Ana yawan tambayata kan 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa ta nuna yawan oksijin da ke cikin jini, wadda ma'aikatan asibiti ke ce wa oksimita, wai shin ta cancanci a saya a ajiye a gida ko ɓarnar kuɗi ce kawai. Ni dai nawa ganin ta cancanta, in har akwai mai asma a gidan ko mai ciwon huhu ko dattijo mai yawan haki, amma fa da sharaɗi, kuma sharaɗin nan ne ya sa na zauna yin wannan dogon rubutu.

Tamu irin ta gama-gari ce, ƙarama, batir biyu take ci irin siraran nan AAA, maɓalli ɗaya ne jal a jikinta. Ka zura yatsa ka danna, cikin 'yan daƙiƙu lambobi biyu su fito, ɗaya an rubuta SpO2 a gefenta wato oksijin ɗin kenan, ɗayar kuma PR wato bugun zuciya a minti ɗaya. In ka zare yatsa ita da kanta take mutuwa, shi ya sa batir ɗinta ke daɗewa sosai. Ba allura ba ɗibar jini, haske kawai take harbawa ta cikin yatsa, ja da kuma wani wanda ido baya gani, to jinin da ya ɗauki oksijin da wanda bai ɗauka ba shan hasken su ba ɗaya ba ne, da wannan bambancin take lissafi. Wani injiniya ɗan Japan mai suna Takuo Aoyagi ne ya gano dabarar a farkon shekarun 1970, amma sai lokacin korona a 2020 ta shiga gidajen mutane da yawa, saboda a lokacin likitoci sun ga marasa lafiya da oksijin ɗinsu ya yi ƙasa sosai alhali suna zaune suna hira ba su ma jin numfashinsu na sarƙewa.

Mai lafiya yawanci 95 zuwa 100 za ta nuna masa. In ta tsaya a 93 ko 94 a kira likita a ji ta bakinsa, in kuwa 92 ce ko ƙasa kuma an sake gwadawa ba ta hau ba, to ba zancen jira sai asibiti. Masu ciwon toshewar hanyoyin numfashi na dindindin da ake kira COPD, wanda galibi sigari da daɗewa cikin hayaƙi ke jawowa, su nasu daban ne, sau da yawa likita kan ce musu 88 zuwa 92 ya wadatar, don haka kowa ya tambayi likitansa lambar da ta dace da shi.

Abin da ya fi burge ni da ita shi ne tana raba gardama. Mahaifiyata tana da asma tun da daɗewa, kuma irin mutanen nan ce da ba sa son ɗaga wa kowa hankali, ko numfashinta na fito ana ji daga ƙofar ɗaki za ta ce maka ba komai yanzu zai wuce. Wani dare ta tashi zaune ta dafa gwiwoyi da hannu biyu, kafaɗunta na ɗagawa da kowane numfashi, ta shaƙi inhela mai ruwan bula ɗin nan ta salbutamol amma shiru, na ce Mama mu tafi asibiti ta girgiza kai. Na maƙala mata na'urar, ta nuna 90, bugun zuciya ya haura 120, na juya mata fuskar na'urar ta gani da idonta, ba ta ƙara cewa uffan ba ta miƙo hannu a taimaka mata ta tashi. Da muka isa kuma ba mu tsaya kame-kame ba, na faɗa wa nas ɗin lambar da lokacin da aka auna da yawan shaƙar da ta yi, nan take aka shiga da ita. Wannan kaɗai wallahi ya biya ni kuɗina.

To amma ga inda gizo ke saƙar, kuma don Allah a karanta nan da kyau. Na'urar nan tana iya nuna lamba mai kyau alhali jikin mutum yana cikin matsala, musamman mu masu baƙar fata. A ƙarshen 2020 likitocin Jami'ar Michigan a Amurka sun kwatanta abin da take nunawa da ainihin gwajin jini, cikin waɗanda ta nuna musu 92 zuwa 96 sai aka samu kusan kashi 12 cikin ɗari na baƙaƙen fata oksijin ɗinsu na gaskiya bai kai 88 ba, a fararen fata kuwa bai cika kashi 4 ba. Ninki uku fa kenan. A 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka wato FDA ta fitar da gargaɗi a kan haka, har ta ce ko na'urar da ta amince da ita in ta nuna 90 to gaskiyar lambar tana iya kasancewa tsakanin 86 da 94. Abin da ya ɓata min rai shi ne 'yar takardar da ke cikin kwalin tamu ko kalma ɗaya ba ta faɗa ba a kan launin fata, ga rubutun ƙanana sai ka kanne ido, alhali wannan ne bayanin da mai saye ya fi buƙata. Shi ya sa ni in na ga 93 a yatsan Mama ba na cewa ai da sauƙi, ɗauka nake ta yiwu ya fi haka ƙasa.

Sai ƙananan abubuwa da ke rikita ta. Hannu mai sanyi, jan farce mai duhu, farcen roba, motsi ko rawar jiki, hasken rana mai ƙarfi, duk suna sa ta yi ta tsalle-tsalle ko ta ƙi karantawa gaba ɗaya. A zauna a huta kamar minti biyar, a murza hannu ya yi ɗumi, a ɗora shi a kan cinya ko ƙirji, a jira lambar ta tsaya cak kafin a yarda da ita. Sannan rubutun fuskarta yana juyawa in an sake danna maɓallin, na ga wata baiwar Allah da hankalinta ya tashi wai oksijin ɗinta 78, ashe bugun zuciyarta take karantawa. Da a ce sun bambanta launin lambobin biyu da ya fi.

Akwai wanda ya fi waɗannan haɗari. In mutum ya shaƙi hayaƙin janareta ko na gawayi a rufaffen ɗaki, gubar kabon monoksayid tana kama jini ta hana shi ɗaukar oksijin, amma irin wannan na'urar ba ta iya bambancewa, sai ta nuna 98 mutum na ciwon kai da jiri da amai yana neman sumewa. A irin wannan kar a tsaya awo, a fitar da shi waje cikin iska a garzaya asibiti.

Haka kuma ba ta faɗa maka ciwon da ke damunka, kamar ma'aunin man mota take, yawan man kawai yake nunawa bai san lafiyar inji ba. Mai tarin fuka zai iya yin makonni yana tari, yana gumin dare, yana ramewa, wani lokaci har kaki da jini, ita kuwa tana nuna 97 abinta. Duk tarin da ya wuce mako biyu a je a yi gwajin majina, tarin fuka yana warkewa in an sha magani yadda aka tsara, yawanci wata shida ne, ba a yankewa don an ji sauƙi. Ita ma asma a farkon tashinta oksijin yana iya zama daidai don mutum yana ta kokawa da ƙarfinsa, sai ya gaji lambar ke faɗuwa, to duk wanda ya kasa ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja numfashi, ko leɓɓansa da harshensa suka sauya suka yi toka-toka, ko ya fara magagi, ko inhela ta daina yi masa aiki, wannan na gaggawa ne ko me na'ura ta ce. Kuma ba ta maye gurbin inhelar rigakafi da likita ke cewa a riƙa shaƙa kullum ko ana jin garau, ita ce ke rage kumburin hanyoyin iska, mutane da yawa suna watsar da ita su dogara da mai ruwan bula kaɗai.

Ga yara kuma gaskiya ba ta gamsar da ni ba, ta manya ce, yatsan ƙaramin yaro baya cika ta, sai ta yi ta ƙiftawa ko ta kawo lambar banza. Akwai ta yara daban. Amma ko babu, uwa tana da abin da ya fi ta, a ɗaga rigar yaron yana kwance a natse a ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jariri ƙasa da wata biyu in ya kai 60, daga wata biyu zuwa 11 in ya kai 50, daga shekara ɗaya zuwa biyar in ya kai 40, to numfashin ya yi sauri, in ga tari da zazzaɓi ana zargin limoniya. In kuma ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, ko ya ƙi shan nono, ko ya yi laushi, a tafi asibiti a lokacin. Limoniya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 700,000 a 2019 kaɗai, kuma ciwo ne da ake maganinsa in an kai da wuri.

Wanda lafiyarsa ƙalau kuma ba mai ciwon ƙirji a gidansa, ni ban ga dalilin saye ba, wasu ma sai ta zame musu abin fargaba suna aunawa safe da yamma. Wanda zai saya kuwa ya nemi wadda ke nuna zanen bugun jini yana hawa da sauka a ƙasan lambobin, don in zanen ya tafi daidai ka san ta kama da kyau. Ya gwada ta a yatsansa tun kafin ya biya, ranar ganin likita kuma ya tafi da ita a kwatanta da ta asibiti. A samu ɗan littafi a riƙa rubuta lambar mara lafiyan lokacin da yake lafiya, don ranar da ta sauka a gane da wuri, in kuma za a daɗe ba a taɓa ta ba a cire batir ɗin kar ya zubar da ruwa ya lalata cikinta.