Bireka mai amfiya 250 da ta kasa ɗaukar 140

Na sayi wannan bireka, wato na'urar da ke katse wuta idan ta yi yawa, domin in sa ta tsakanin batirin litiyam mai bolt 12 da inbata (mai juya wutar batiri zuwa irin ta gida) mai wat 2000 a motar tafiye-tafiyenmu mai ɗakin kwana, kuma abin da ya ja hankalina shi ne maɓallinta, wanda ke ba mutum damar kashe wuta da yatsa ɗaya idan zai yi gyara. Lissafina daidai yake, domin irin wannan inbata ba ta wuce amfiya 200 ko da ta ɗauki cikakken nauyi, saboda haka 250 da aka rubuta a jikin birekar ta isa har da rara.

A dare na uku muka jona butar lantarki mai wat 1500, amma kafin ruwan ya tafasa sai komai ya ɗauke. Na mayar da maɓallin, ba a yi minti biyu ba ya sake faɗuwa. Da na kai hannu sai na ji jikin birekar ya yi zafin da ba a iya riƙewa, ga warin roba yana tashi daga ƙarƙashin gadon da yara ke kwana a kai, domin a nan batirin yake. Washegari na sa mita na ga amfiya 140 kacal ke wucewa. Na fara zargin kaina cewa ban ɗaure noti da kyau ba, na duba, a ɗaure yake tamau. Sai na auna tsakanin bakinta biyu na tarar bolt 0.3 yana ɓacewa a cikinta, wato kusan wat 42 na zafi a cikin ɗan ƙoƙon roba, wanda har ya fara baƙi a gindin kusar.

Da farko na ɗauka laifinta saurin faɗuwa ne kawai, abin da mutum zai iya haƙuri da shi. Daga baya hankalina ya tashi sosai, domin babu inda aka rubuta iyakar ƙarfin wutar da za ta iya katsewa idan wayoyi suka haɗu. Batirin litiyam yana iya sako dubban amfiya nan take, kuma wutar batiri (DC) ba ta saukowa sifiri kamar wutar gida (AC), shi ya sa tartsatsinta ke da wuyar mutuwa. Na cire birekar na sa fis nau'in Class T, wanda ke katse har amfiya 20,000, ƙasa da santimita 18 daga kan batirin, gwargwadon kaurin wayar, tun da waya yake karewa. Butar nan ce dai, amma yanzu ɗumi kaɗan nake ji a jikin fis ɗin.

Har yanzu ina kewar maɓallin, na ma yi tunanin mayar da ita ɓangaren farantan sola inda wutar ba ta da yawa. Amma wanda ya rubuta amfiyar ƙarya, ta yaya zan amince da bolt ɗin da ya rubuta? Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne amsar mai sayarwa bayan na aika masa hoton robar da ta ƙone: wai in ƙara ɗaure notin.