Injin dizal na ƙaramin jirgin ruwa: wanda hannu zai iya tayarwa

Duk wanda zai sa inji a ƙaramin jirgi mai tafiya da iska, ko a Tema zai ajiye shi ko a Ada inda kogin Volta ke shiga teku a ƙasar Ghana, tambayar farko da ya kamata ya yi wa mai sayarwa ita ce: in batir ya mutu, hannu zai tada shi? A kan titi mota tana samun masu turi. A tsakiyar ruwa, iska ta ɗauke, igiyar ruwa na jan jirgi, ba mai tura ka.

Injin Yanmar 1GM10 shi na fi natsuwa da shi. Silinda ɗaya ne, ƙarfin doki 9, bai kai kilo 100 ba, don jirgi aka ƙera shi da giyarsa, kuma yana da wurin sa handul, wato ƙarfen juya inji da hannu, da ɗan sandan sakin matsi. Wannan ɗan sanda shi ne komai. Dizal ba fulogi ke kunna shi ba, matsin iska ne, kuma matsin ya fi ƙarfin damtse. Sai ka ɗaga sandan, bawul ya tsaya a buɗe, ka juya handul har babbar tayar ƙarfe mai nauyi da ke jikin injin ta ɗauki gudu, sannan a saki sandan kana ci gaba da juyi. Nauyin tayar ne ke tsallakar da fistin. Babban yatsa ya kwanta gefe ɗaya da sauran yatsu, don in injin ya harbo baya kada ya karya shi. Aibinsa tsada, sannan ruwan da jirgi ke ciki shi yake sha ya huce, gishiri kuwa yana cin cikinsa. Kayan gyaransa sau da yawa sai an yi oda.

Sai injinan China masu silinda ɗaya, irin su Changfa da ake sa wa injin niƙa. Araha, tashi da hannu ba gardama, kuma makanikan Abossey Okai a Accra da na Suame Magazine a Kumasi sun san cikinsu. Amma suna da nauyi da girgiza da ƙara, galibi ba giyar jirgi, kuma ba a yi su don iskar gishiri ba. A tafkin Volta, ruwan daɗi, jirgin katako mai faɗi, zan yarda. A teku ban ba da shawara ba.

Sababbi masu silinda uku da kwamfuta ke sarrafa mansu, a bar maganar handul. Wanda ya zaɓe su ya sayi batir biyu, ɗaya na tada inji kaɗai.

In na hannu ne za ka saya, kada ka bari a ɗuma maka shi kafin ka iso. Je da sassafe, taɓa kan injin ka ji sanyi, ka karɓi handul da kanka. In ka saki sandan amma handul na wucewa salin-alin, matsi ya tafi, ringi ko bawul sun cinye, kuɗin gyara na jiranka. In yana juyi amma ya ƙi kamawa, mai yiwuwa iska ce a layin mai, a sa makanike ya fitar da ita a gabanka. Ka kuma auna wurin da injin zai zauna a jirgin, domin akwai jiragen da handul ke bugun katako kafin ya zagaya sau ɗaya.