Tabaran Tuƙa Jirgi Maras Matuƙi: Wanne Ya Fi Kai Hoto Nesa?

Duk wanda ya yi niyyar sayen tabaran bidiyo don tuƙa ƙaramin jirgi maras matuƙi, wato tabaran da ke nuna wa matuƙi abin da kyamarar jirgin ke gani, abin da yakan fara dubawa shi ne adadin kilomitar da aka rubuta a jikin kwali. Kamfanin DJI ya ce na'urarsa ta O3 mai aika hoto daga jirgi zuwa tabarau, wadda ta fito a 2022, tana kai hoto har kilomita 10, ya kuma ce O4 Pro ta farkon 2025 tana kai kilomita 15, alhali tsarinsa na farko na 2019 kilomita 4 kacal aka yi masa alkawari. Waɗannan alƙaluma ba ƙarya ba ne, amma an auna su ne a buɗaɗɗen fili inda babu gini, babu bishiya, babu wata sigina da ke katsalandan, kuma da cikakken ƙarfin da dokar Amurka ta yarda da shi. A Turai, inda doka ta taƙaita ƙarfin aikawa a zangon rediyo na gigahaz 5.8 zuwa miliwat 25, wannan O3 ɗin ba ta wuce kilomita 2 a takardar kamfanin da kansa. Ke nan tun kafin a kunna tabarau, ƙasar da aka saita na'urar dominta ta riga ta yanke rabin hukuncin.

Manyan tsare-tsare huɗu ne aka fi sani a kasuwa: DJI, da Walksnail Avatar na kamfanin Caddx, da HDZero, sai kuma tsohon tsarin analog da ake kallo a tabarau irin su Fat Shark da Skyzone. Kusan dukkansu a zangon gigahaz 5.8 suke aika hoto, kuma wannan zango yana da hali guda wanda babu kamfanin da ya iya sauya shi, wato ba ya jure shamaki. Ganyen bishiya mai ɗauke da ruwa yana shanye shi, bangon siminti mai rodi yana tare shi, tudu kuwa yana yanke shi baki ɗaya. Saboda haka tambayar da ta fi dacewa ba ita ce nisan da hoto ke kaiwa a fili ba, sai dai yadda yake kasancewa idan jirgin ya zagaya bayan kangon gini ko ya kutsa cikin lambun mangwaro.

A wannan fage DJI ce kan gaba, kuma ban ga dalilin yin kwana-kwana a kan haka ba. Tabaranta da na'urar da ke jikin jirgi suna magana da juna ta fuska biyu: idan wani yanki na hoton ya ɓata a hanya, tabaran yakan nemi a sake aiko shi, kuma na'urar takan rage nauyin bayanan da take turawa gwargwadon raunin sigina. A kusurwar allo akwai lamba mai nuna yawan bayanan da ke isowa, wadda a O3 takan kai megabit 50 a daƙiƙa idan komai lafiya. Yayin da jirgi ke nisa sai ka ga lambar tana sauka, ciyawa da ganyaye su fara narkewa su zama dunƙulen launi, amma hanya tana nan ana ganinta. Matsalar tana zuwa ne a can ƙarshe. Sake aiko hoto yana cin lokaci, don haka jinkirin isowar hoto, wanda yake kusan milisakan 30 idan jirgi yana kusa, yakan ƙaru daidai lokacin da matuƙi ya fi bukatar gani nan take, kuma idan siginar ta kare hoton yakan daskare ko allon ya yi baƙi, sannan a ɗauki ɗan lokaci kafin ya dawo. Jirgin da ke gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, don haka daƙiƙa biyu na makanta sun isa a tsince shi a jikin bishiya.

Walksnail, wadda ta shigo kasuwa a 2022, ta bi wannan hanya ta magana ta fuska biyu. Hotonta yana da kyau, farashinta yakan fi sauƙi, kuma tana da ƙananan na'urori masu dacewa da jiragen da ba su wuce tafin hannu ba. Amma a bayan shamaki, a ƙarfi iri ɗaya, hotonta yakan riga na DJI lalacewa.

HDZero ta ɗauki wata hanya dabam, kuma a ganina an fi yi mata rashin adalci idan ana kwatanta nisa. Ita ba ta sake aiko abin da ya ɓata. Hoto yana fita daga jirgi zuwa tabarau ta fuska ɗaya, abin da ya iso shi ake nunawa, don haka jinkirinta ba ya canzawa ko jirgin yana gabanka ko yana bakin iyaka. Idan sigina ta raunana, ƙananan fararen ɗigo-ɗigo masu kusurwa huɗu sukan fara walƙiya a allon, su yi ta ƙaruwa har su rufe shi. Wannan ya sa hotonta ke fara nuna rauni da wuri fiye da na DJI, sai mai kallo ya ɗauka ta gaza, alhali abin da matuƙin ke gani a tsakanin ɗigon shi ne ainihin inda jirgin yake a wannan lokaci. Shi ya sa masu tsere suka rungume ta. Wanda yake son ratsa gine-gine masu kauri kuwa zai ga ba ta kai DJI ba, ko da ya sa na'urar aikawa mai wat 1.

Analog ya tsufa, hotonsa ba shi da tsabta, amma har yanzu masu tafiya mai nisa da yawa ba su rabu da shi ba. Dalilin shi ne yadda yake mutuwa a hankali. Wanda ya taɓa kallon tsohuwar talabijin mai eriya a kan gora ya san yadda hoto ke cika da yayyafi, launi ya gudu, amma a ci gaba da gane mutum daga inuwarsa. Haka analog yake: ko da yayyafin ya yi yawa, layin da ya raba sama da ƙasa yakan kasance a bayyane, kuma da zarar matuƙi ya ɗaga jirgin sama ko ya juyo da shi, hoton yakan dawo nan take ba tare da jiran na'urori su sake haɗuwa ba. Ingancin abin karɓar sigina da aka soka a tabaran yana da tasiri sosai a nan, kuma RapidFire na ImmersionRC da TBS Fusion su ne aka fi sani wajen haɗa siginar eriya biyu su fitar da hoto ɗaya mai natsuwa.

Akwai lissafin da ya kamata kowane mai saye ya riƙe kafin ya kashe kuɗi a kan ƙarin ƙarfi. Don a ninka nisa sau biyu, sai an ninka ƙarfin aikawa sau huɗu, wato ƙarin desibel 6. Daga miliwat 25 zuwa 100 nisa ya ninka, daga 100 zuwa 400 ya sake ninkawa, amma daga 400 zuwa 800 ƙarin bai wuce kashi 41 cikin ɗari ba, ga zafi, ga cin batir. A lokacin bazara, na'urar aikawa mai ƙarfi da aka bari a kunne a ƙasa ba tare da iskar tashi tana ratsa ta ba takan yi zafi cikin 'yan mintoci har ta rage ƙarfinta da kanta. Wannan desibel 6 ɗin kuwa ana iya samunsa da arha ta hanyar sauya eriyar tabarau, daga mai karɓa ta kowane ɓangare zuwa shimfiɗaɗɗiya mai fuskantar gaba, da sharaɗin matuƙi ya riƙa fuskantar inda jirgin yake. Dole ne kuma juyin eriyar jirgi, wato ɓangaren da siginarta ke murɗawa, dama ko hagu, ya dace da na tabarau. Analog ya fi amfani da mai juyin dama, DJI da Walksnail kuma mai juyin hagu, kuma haɗa biyun yana zubar da sigina fiye da duk abin da ƙarin wat zai iya maidowa. A nan ne nake da ƙorafi a kan sababbin tabaran DJI irin su Integra, waɗanda eriyarsu a manne take, alhali tsohon V2 yana da eriya huɗu da ake kwancewa a sa waɗanda ake so.

A zahiri ma ba hoto ne yakan fara yanke tafiya ba. Jirgi mai farfela inci 5 yakan yi 'yan mintoci ne kawai a sama kafin batir ya nemi sauka, don haka kilomita 15 da dawowa ba abin da zai iya ba ne. Siginar tuƙi kuwa, wadda tsarin ExpressLRS ko Crossfire ke kaiwa daga rimot zuwa jirgi, yawanci takan wuce ta hoto nisa. Sannan akwai doka: ƙasashe da yawa suna bukatar jirgin ya kasance inda ido ke ganinsa, kuma a Najeriya tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta hana tashin irin waɗannan jirage sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

Ga mai ɗaukar bidiyo a tsakanin gine-gine da bishiyoyi, wanda yake son hoto ya daɗe da tsabtarsa, tabaran Goggles 3 na DJI tare da O4 Pro shi ne zaɓina, muddin ya amince cewa tabaran ba zai karɓi na'urar wani kamfani ba, kuma ya saba da juyowa tun lambar da ke kusurwar allo ba ta faɗi ƙasa ba. Mai tsere ya sayi HDZero, wanda tabaransa ke da gurbin soka abin karɓar analog. Mai ƙaramin ƙarfi kuwa ya sayi tabaran analog mai kyau, ya sa ragowar kuɗin a eriya.