Finafinan Tamil na farautar makasa: wanne ya cancanci datarka?

Duk wanda ya je wurin mai tura finafinai ya ce yana son fim ɗin Indiya da 'yan sanda ke bin sawun mai kisan ɗauki-ɗai-ɗai, da wuya a rasa lissafo masa guda huɗu daga masana'antar Tamil da ke Chennai, wato Vettaiyaadu Vilaiyaadu na 2006, da Ratsasan na 2018, sai Por Thozhil da Iraivan, waɗanda duka suka fito a 2023. Na kalli dukansu, kuma tun daga farko zan faɗi cewa Por Thozhil ne zaɓina.

Vignesh Raja ne ya ba da umarninsa, kuma shi ne fim ɗinsa na farko. Labarin ya faru a garin Trichy a shekarar 2010, inda ake tsintar gawarwakin mata da aka kashe da salo iri ɗaya. Aka haɗa mutum biyu da hali bai zo ɗaya ba: Loganathan, wanda Sarathkumar ya fito a matsayinsa, tsohon hannu ne marar fara'a da ba ya son yawan magana, sai Prakash, wato Ashok Selvan, sabon jami'in da ya sha karatu amma zuciyarsa ba ta jure ganin jini. Abin da ya ɗaure ni shi ne yadda binciken ke tafiya da ƙafafunsa, domin kowane mataki da suka ɗauka yana da hujjar da aka nuna wa mai kallo, ko daga wurin da aka tsinci gawa ko daga tsofaffin fayilolin ofis, kuma ba a katse zancen da rawa da waƙa a kan dutse. Kallon da Loganathan ke yi wa yaron nan idan ya kawo masa maganar littafi kaɗai ya isa ya biya kuɗin turawa. Akwai kuma Sarath Babu a matsayin wani dattijo mai suna Kennedy, wanda natsuwarsa ta fi ihun bos goma tayar da tsikar jiki. Sarath Babu ya rasu a watan Mayun 2023, 'yan makonni kafin fim ɗin ya fito a watan Yuni.

Ratsasan na Ram Kumar shi ne ya zo na biyu, kuma na san masoyansa za su ce na yi masa rashin adalci. Vishnu Vishal ya fito a matsayin Arun, matashin da ya so zama darakta, ya tara bayanai kan makasa domin rubuta labari, sannan ya shiga aikin ɗan sanda a daidai lokacin da ake sace 'yan mata 'yan makaranta. Sautin Ghibran yana hana mutum sakat, sai dai fim ɗin ya kusa awa uku, kuma ƙarshensa ya yi ja kamar ƙosai ya ƙi soyuwa. Vettaiyaadu Vilaiyaadu na Kamal Haasan ne, kuma wanda ke son ganinsa yana bin makasa har New York ba zai yi asara ba, amma soyayya da waƙoƙi sun ci rabonsu. Iraivan kuwa jini ne kawai aka zuba inda ya kamata a zuba basira, duk da Jayam Ravi da Nayanthara suna ciki.

Babbar matsalar ma ba ta zaɓi ba ce, ta abin da za a tura maka ce. Na taɓa biyan wani mai shago ya saka mini Ratsasan a memori, na koma gida bayan sallar isha na kunna, sai ga Akshay Kumar yana yawo a cikin duwatsu. Ashe Cuttputlli ya ba ni, maimaicin da aka yi da harshen Hindi a 2022, ya sauya wa fayil ɗin suna kawai. Da na koma washegari ya ce ai labarin ɗaya ne, ban ji komai ba sai takaici. Akwai kuma maimaicin harshen Telugu mai suna Rakshasudu na 2019, wanda shi ma za a iya tura maka shi da sunan na asali. Saboda haka kada ka bar shagon sai an buɗe fim ɗin a gabanka ka ga fuskar Vishnu Vishal da Amala Paul.

Sannan ka duba tsawonsa. Por Thozhil ya kusa awa biyu da rabi, idan ka ga wanda bai kai awa biyu ba, to an datse shi, kuma a irin wannan labarin minti biyar da aka cire na iya zama inda aka ɓoye hujjar da ta warware komai. Ka ja fim ɗin zuwa wani wuri na dare, domin yawancin fitowar da ke da muhimmanci a duhu aka ɗauke su, kuma kwafin da aka ɗauka da waya a cikin sinima ba ya nuna komai a nan sai baƙin allo da inuwar kawunan 'yan kallo. Idan fassarar Hausa ce, ka saurari minti biyu ka ji ko mai fassarar yana bin maganar jaruman ko barkwancinsa yake yi a kan gawa, ka kuma tabbatar muryar ba ta riga motsin baki ba.

Ko ɗaya daga cikin huɗun ba na kallo ba ne a falo tare da yara, musamman Ratsasan, wanda 'yan makaranta ne ake kashewa a cikinsa. Ni nawa kwafin Por Thozhil sai da na sa aka buɗe shi a kwamfutar mai shagon, na ga Sarathkumar da idona, na duba tsawon, sannan na miƙa kuɗi.