Ƴar mitar nan DT830 da ƙarar da mota ke yi wajen tashi

Jama'a masu mota, in dai motarka ta taɓa yi maka wata ƙara kana murɗa ki, to ni a ganina ƴar mitar nan DT830 ta auna wuta ta cancanci gurbi a cikin motar kusa da jak da safaya. Ita ce ƙaramar nan da za ka gani a hannun masu wayarin, waya biyu ja da baƙa, abin murɗawa a tsakiya, batir ɗan 9V take ci. Kamfanoni barkatai ne ke buga ta da wannan sunan shi ya sa ingancin ba ɗaya ba ne, amma aikin dai ɗaya.

Inda ta fi yi min amfani shi ne ƙarar nan ta kat-kat-kat-kat da sauri, ka murɗa ki fitilun dashbod su dushe injin ko motsi, nan take mutum zai ce kik, wato ƙaramin injin da ke tayar da mota, ya mutu a je a kwance shi, alhali mafi yawan lokaci wuta ce ba ta isa ba, solonoyid ɗin, wato makunnin da ke jona wa kik wuta, yana kamawa yana saki yana kamawa yana saki saboda batir ya kasa riƙe shi. Sai ka murɗa mitar zuwa 20V na DC, ja a kan fozitib baƙa a kan negetib, mota a kashe. Batir mai cikakken caji zai nuna wajen 12.6, in ka ga 12.2 ya yi rabi, in ya sauka ƙasa da 12 kam ya kwanta. Amma fa kar ka tsaya nan, don akwai batirin da zai nuna maka 12.5 lafiya lau yana zaune, ana ɗora masa nauyi ya zube. Sa wani ya murɗa ki kai kana kallon mitar, in lambar ta faɗo ƙasa da 9.6 lokacin da kik ke ja to batirin nan ya gaji. In motar ta tashi kuma ka sake dubawa, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 zuwa 14.5, in ta tsaya a 12 da wani abu to altaneto ba ya caji, ko sabon batir ka saka kwana kaɗan zai bi sahun tsohon.

Akwai wani gwajin da gaskiya shi ya sa na ƙara sonta. Batir lafiyarsa ƙalau amma kana jin kat guda ɗaya sai shiru. Ɗora waya ɗaya a kan ƙarfen batir ɗin kansa, ɗayar a kan maƙalar da aka ɗaure masa, a murɗa ki. Ya kamata ta nuna kusan sifili. In ta nuna rabin bolt, wato 0.5, ko fiye to wutar a nan take maƙalewa, farin garin nan da ke taruwa a kan batir ne ko kuma ɗaurin ya yi sako-sako, wankewa da ɗaurewa kawai yake so. Haka za ka yi wa wayar negetib da ke zuwa jikin injin, ita mutane ke mantawa da ita wallahi. In duk waɗannan sun fita lafiya sannan ne za ka fara zargin solonoyid ko burushin kik, kuma ka je wajen mai wayarin da bayani a bakinka ba wai "oga mota ta ƙi tashi" kawai ba.

To amma kar wani ya ɗauka komai take ganowa. Ƙarar gurzar ƙarfe da ƙarfe, gurrr ɗin nan mai tayar da tsikar jiki, haƙoran bendis (ƙaramin giyan da ke bakin kik) ne da na filawil (babban faifan da kik ke juya injin da shi) ba sa haɗuwa daidai, mita ba ruwanta da wannan, kuma don Allah in ka ji ta daina maimaita murɗawa, cinye haƙoran filawil kake yi, shi kuma sai an sauke giyabos kafin a kai gare shi. In kik yana juyawa fiii shi kaɗai injin bai biyo shi ba, bendis ne bai kama ba. Ƙiii bayan mota ta tashi yawanci bel ne ya saki ko ya tsufa. Ƙarar kwaram-kwaram ta daƙiƙa biyu uku da sanyin safiya kuwa fara da duba baƙin mai, in yana nan daidai kuma ƙarar na ƙara tsawo a duba taimin cen, wato sarƙar da ke daidaita aikin injin, da abin da ke ɗame shi. Waɗannan duk aikin kunne ne da makaniki.

Ita kanta mitar tana da nata matsalolin. Wayoyin da take zuwa da su sirara ne, daga wuya suke tsinkewa, gara ka nemi masu baki kamar na kada da za su kama kan batir da kansu. Fuskarta ba haske, da dare sai da tocila. Tawa ba ta kashe kanta, ka manta ta a kunne batirinta ya tafi, kuma abin haushin in batirin cikin ya yi sanyi sai ta riƙa nuna lamba sama da gaskiya, don haka ka ga alamar batir a fuskarta canza shi kafin ka yarda da ita. Lambar ma tsalle take yi lokacin da kik ke ja, sai ka zuba ido sosai ko ka ɗauki bidiyo da waya ka kalla a hankali.

Abu ɗaya da nake roƙo, ramin nan da aka rubuta 10A kar ka kuskura ka bar jar waya a ciki ka taɓa kan batir, shot ne kai tsaye, kuma wasu irinta ba fiyus a wannan ramin. Kik yana jan amfiya sama da 100, ba abin da za a auna da ita ba ne. Jar waya a ramin V, baƙa a COM, abin murɗawa a 20V, iya aikin da mai mota ke buƙata kenan kuma tana yin sa yadda ya kamata.